Hannuwan Inna

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a gidan nan, cewa kakarku Inna ta Gulma mace ce mai busasshiyar zuciya, wadda aka haifa mata jikar fari a Birnin Kebbi ta ƙi taka ƙafarta ta zo suna. Gwaggonninku na wajen uba ne suka fara faɗa, ku kuka ɗauka, ni kuma ina zaune ina ji ban taɓa cewa uffan ba. Har ke Asma'u, da kunnena na ji kina maimaita wa 'yarki ita. Yanzu shekaru sun ja, ido ya fara hazo, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda abin ya faru tun da sauran hankalina, domin hakkin baiwar Allahn nan ya yi mini nauyi.

Ni ce 'yar fari a wurin Inna. Ku 'yan yanzu ba lallai ku gane abin da hakan ke nufi ba. A Gulma ta zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa ido cikin ido. Kunya ce, kuma Inna ta riƙe ta fiye da duk matan unguwarmu. Sunana Hafsatu, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba, daga "ke" sai "wagga yarinya". Kakata ce ta goya ni, ita ke yi mini kitso har ta rasu, daga nan sai maƙwabta. Ƙannena maza biyu suna hawa cinyar Inna suna jan kunnenta tana dariya, ni kuwa ina bakin ƙofa ina kallo. In ta dafa abin da nake so sai ta ajiye inda zan gani ta wuce, kamar mantuwa ta yi. Sana'arta turara shinkafa da bandar kifi, tun da mahaifinmu ya rasu da su ta riƙe mu, kullum tana tsakanin tukunya da turmi da hayaƙi.

A shekarun ƙarshe na makaranta na kamu da littattafan soyayya, waɗannan masu siririn bango da ake kawowa daga Kano ana ba da haya a kasuwa. Nakan karanta ɗaya sau uku kafin in mayar. A cikinsu duk mai son ka sai ya faɗa da baki, ya rubuta, ya zubar da hawaye. Uwa tana rungume 'yarta tana shafa mata kai tana kiranta 'yar lele. Da wannan mudun na auna Inna, na ga ba ta cika ba. Sannan duk taurarin labaran nan, masu dara-daran idanu da dogon wuya, babu ko ɗaya mai tsagar Kabawa a kumatu irin tawa. Nakan tsaya gaban madubi in rufe kumatuna da tafin hannu, in ga yadda da zan kasance.

Babanku ya same ni a daidai yadda nake mafarki. Ya iya wasiƙa, Allah Ya jiƙansa, har fure yake zanawa a ƙarshen takarda. Ma'aikacin gona ne, lokacin duk muna ƙarƙashin Sakkwato, ofishinsu yana Birnin Kebbi, muka kama ɗaki biyu a Gwadangaji bayan biki. Ina so ku sani bai taɓa cewa tsagata ta dame shi ba, kada wani ya ɗora masa abin da ba nasa ba.

Maƙwabciyarmu Kulu ce ta fara kai ni salun ɗin Hajiya Falmata. Hajiya mutuniyar Maiduguri ce, aiki ya kawo mijinta, ta mai da ɗakin gaban gidanta wurin gyaran mata. Labule mai ruwan goro, babban madubi, fanka, da kaset da ba ya rabo da waƙar Indiya. Tun daga zaure ƙamshin turaren wuta ke tarbar mutum. Za ta fara sa ki sunkuya kan kwanon ruwan zafi da ganyen lemun tsami, ta lulluɓe ki da tawul har gumi ya tsiyaya. Sai ki kwanta a doguwar kujera, ta murza miki dilka, haɗin goge fata irin na mutanensu, a hankali, daga haɓa zuwa goshi. Bayan nan ta shafa kurkur da madara, ta ɗora miki jiƙaƙƙiyar auduga a ido, ta ce kada ki motsa sai ya bushe. Ranar farko ta riƙe haɓata ta juya fuskata hagu da dama.

"Tsaga ba ta fita, 'yata. Duk wanda ya ce miki tana fita ƙarya ya yi. Amma za ta kwanta, ta yi laushi, in kina zuwa."

"Sau nawa, Hajiya?"

"Duk Alhamis. Kuma ranar da aka yi miki, ba ke ba rana, ba ke ba hayaƙi. Kin ji, kyakkyawata?"

Na ji kuwa. Wata goma sha wani abu ban tsallake Alhamis ɗaya ba. Na gaya wa babanku don tsagar nake zuwa, na gaya wa kaina haka. Sai da na tsufa na yarda da gaskiya: hannun nake bi. Hannun Hajiya lallausa ne, yana ƙamshin humra, kuma tana murzawa tana magana, 'yata kaza, 'yata kaza. Tun rasuwar kakata babu macen da ta riƙe fuskata haka. Nakan rufe ido in ji kamar a shafin littafi nake, har wani lokaci hawaye ya jiƙa audugar, Hajiya ta ce ko dilkar ce ta shiga.

Ana haka na samu cikinki, Asma'u. A al'adarmu mai cikin fari gidansu take komawa tun yana wata bakwai, goyon ciki ke nan, a can za ta haihu, a can za a yi mata wankan jego kwana arba'in safe da yamma. A wani gidan kaka ko gwaggo ke yi, amma a namu babu wadda ta rage sai Inna. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne, waɗannan watanni su kaɗai ne a duk rayuwa da al'ada ta ɗage wa uwa kunya, ta bar ta ta taɓa 'yar farinta, ta ciyar da ita, ta gasa mata jiki ba mai cewa ta yi rashin ta ido. Shekara ashirin Inna tana jiran su. Kawu Ango, ƙanenta, shi ya kawo saƙo, ya zauna a tabarma yana fifita da hula.

"Innarki ta ce a hwaɗa miki ɗaki ya shiryu. Ta yi daɓe, ta yi shahe. Itace kuwa, na ce mata aikin miji na, ba ta ji ba. Tun kaka taka tara shi, yanzu ya hi katanga tsawo."

"Kawu, ka ce mata likita ya hana ni nisa da asibiti."

Da ya tafi babanku ya dube ni.

"Wane likita yac ce haka, Hafsi? Na ga katin awonki, lahiya lau kike."

"Ni dai ba ni zuwa."

"Ki tahi gida. Hakkinta na. In don ni ne, duk Asabar ina bisa hanya."

Na juya masa baya. A raina ina lissafin hayaƙin banda, da zafin fadama, da wata huɗu babu Alhamis, duk wahalar da na yi ta tashi a banza. A ƙarƙashin wannan kuma akwai wani tsohon ɗaci: wadda ba ta taɓa kiran sunana ba, yau ne za ta ce tana so na?

Bayan mako biyu, ranar wata Alhamis da hantsi, ina kwance a salun, an gama dilka an shafa kurkur, auduga na kan idona, kaset na yi. Na ji Hajiya ta fita zaure, na ji ta dawo da wani, tana magana da sauri don ta bar halawar gyaran jiki a kan wuta. Na san ta daɗe tana cigiyar dattijuwar da za ta riƙa yi mata daka da wanke-wanke.

"Yawwa Iya, shigo. Ga ruwan ɗumi nan, wanke mata fuska a hankali in ga hannunki. Bari in sauke tukunya."

Hajiya ta fice ta bar mu. Sai na ji ƙarar ruwa a kwano. Hannu ya sauka a goshina. Tafin yana da kaushi, yatsun duk faso, kuma tare da shi ƙaurin hayaƙi ya shigo ya danne turaren ɗakin. Ta wanke goshin, ta wanke haɓa. Da ta zo kumatu sai ta rage sauri. Ta ɗora ɗan yatsa a kan tsaga ta farko ta bi ta daga sama har ƙasa, ta koma ta biyu, ta uku, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga 'ya'yan carbi. Ta gama dama ta koma hagu. Ya kamata in gane. Na sha gaya wa kaina kaset ne, ko audugar ce, amma wannan ƙaurin a cikinsa na girma. Abin da ya zo mini kawai shi ne fatar da na yi wata da watanni ina lallaɓawa. Na ɗaga murya.

"Hajiya! Wace ce wannan kika sa ta taɓa ni? Hannunta kamar dutsen goge kaushi, za ta ɓata mini fuska. Ga ta sai ƙaurin hayaƙi."

Hannun ya tsaya a kuncina. Bai janye da sauri ba, ya ɗan daɗe, sannan ya ɗaga. Na ji ɗigon ruwa biyu a wuyana, na ji labule ya motsa. Hajiya ta shigo tana dariya tana ba ni haƙuri, ta ce tsohuwar ta fice ko sallama babu, mutanen ƙauye sai a hankali. Ta ƙarasa wankin da kanta, ta shafa mini mai, na dubi madubi na ji daɗi.

Na iso gida da azahar, fuskata a lulluɓe. A bakin ƙofar ɗakina na tarar da ƙwaryar shinkafa, da ƙunshin bandar kifi, da man shanu a 'yar kwalba, da kanwa ɗaure a tsumma. Ɗaurin tsumman kaɗai ya ishe ni. Kulu ta leƙo daga ɗakinta da tsintsiya a hannu.

"Kun gamu? Innarki ta taho ɗaukarki. Ke, tun asuba tab baro Gulma, ƙahwahunta dut laka. Na ce ta zamna ta sha ruwa, tac ce ita ba ta zama gidan suruki. Ni nar raka ta har ƙohwar Hajiya."

"Ina take?"

"Ta dawo ta wuce, ko tsayawa ba ta yi ba. Tac ce in hwaɗa miki kihin na buƙatar shanya. Lahiya, Hafsi? Mi ya hwaru?"

Ku gane girman abin. Macen da ko sunana ba ta iya faɗa, ta ƙetare fadama da ƙafa zuwa Argungu, ta shiga mota, ta zo garin surukinta da kanta don ta tafi da ni. A wurin irin su Inna wannan ya fi duk wasiƙun da na taɓa karantawa.

Motar Argungu ta ƙarshe ba ta tashi sai bayan la'asar, kuma daga Gwadangaji zuwa tasha ɗan kabu-kabu ba ya daɗewa. Na san tana can zaune a kan benci tana jiran mota ta cika. Na ɗauki mayafi na fito har ƙofar gida. Rana ta take, ƙasa na tururi. Sai na ce wa kaina, yau aka yi mini gyara, ba ni ba rana, gobe maigida ya kai ni a babur. Ba ranar ce ta tsayar da ni ba. Ban san da wane ido zan dube ta ba, ban san me ake cewa ba. A littattafaina yarinya takan faɗi a ƙafar uwarta ta ce ki yafe mini, uwar ta ɗago ta. To ni da Inna ba mu taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Na tsaya a zaure har aka kira la'asar, na koma ciki na shanya kifin.

Gobe ta zo ban je ba, jibi ma haka. Babanku ya tambaya, na ce mun yi saɓani ne a hanya. Kuma abin da ya fi ba ni kunya in rubuta: da Alhamis ta zagayo na koma salun. Na gaya wa Hajiya ko wace ce. Ta saki kwanon da ke hannunta ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! To me ya hana ta ce ita ce uwarki? Cewa ta yi, an ce akwai wata yarinyar Gulma a nan. Ni na ɗauka mai aikin da aka turo ce take kwatance."

"Ba za ta iya faɗa ba, Hajiya. Ni 'yar fari ce."

"Tashi ki tafi gida, 'yata. Yau ba zan taɓa fuskarki ba. Je ki wurin uwarki."

Ita ma ban ji maganarta ba. Na bar mako ɗaya ya wuce na sake komawa, ta karɓe ni, amma ta daina hira, ni kuma na daina jin abin da nake ji. Hannun nan mai laushi ya zama hannu kawai.

A asibitin Birnin Kebbi na haife ki. Wata gwaggon babanku ce ta yi mini wankan jego, ta yi iya ƙoƙarinta. Ranar suna Kawu Ango ya zo da buhun shinkafa da kaji da zannuwan goyo, ya ce Inna na gaisuwa. Mata suka fara ƙus-ƙus, wace irin uwa ce wannan, ba ta karɓi goyon ciki ba, ba ta zo suna ba. Ina zaune cikin sabon leshi, fuska tana sheƙi, kowa na yaba kyan mai jego. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta wanke ta. Na sunkuyar da kai kamar ni aka yi wa laifi.

Da muka yi arba'in babanku ya ce ko ina so ko ba na so sai mun je. Ya kai mu har ƙofar gida ya gaishe ta daga bayan zana, ya juya Birnin Kebbi wurin aiki. Itacen yana nan jingine da katanga, ko ƙirare ɗaya ba a zara ba. Inna ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin da ta yi wa daɓe, ta ajiye fura, tana amsa gaisuwata tana kallon gefe kamar kullum. Babu fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi. Na kwance ki daga baya na miƙa mata. Fuskarta ta washe.

"Oho, wagga baƙuwa ta birni! Ke ce Asma'u? Kin taho cinye mini tuwo, ko? Dubi hanci, wa kika ɗauko?"

Ta miƙo hannu, sai ta tsaya. Ta dubi tafukanta. Ta jawo gefen mayafinta ta rufe su duka biyun, ta naɗe har wuyan hannu, sannan ta karɓe ki.

"Inna, ki ɗauke ta haka nan mana."

"Bari dai," ta ce, ke take kallo ba ni ba. "Jikinta da taushi."

Kwana uku muka yi. Ta yi miki rawa, ta yi miki waƙa, ta kira sunanki ya fi a ƙirga, Asma'u, Asma'u, har a bakin murhu ita kaɗai nakan ji tana faɗa. Amma ko sau ɗaya fatar hannunta ba ta taɓa taki ba. In za ta ɗauke ki sai ta nemo zane. In wanka ne sai ta haɗa ruwan ta kira maƙwabciya. Sau da yawa muna zaune mu uku a ɗaki, hannuwanta na kan cinyarta kusa da ni, in ce yanzu zan kama su in ɗora a fuskata. Har muka taho ban kama ba. Na ce in na sake ciki, tun wata biyar zan taho, in zauna har sai ta gaji da ni. Ban san ba za ta ga wata damina ba. Zazzaɓin kwana huɗu ne, kafin saƙo ya iso Gwadangaji an kai ta.

Ranar da za mu koma ta rako mu har bakin hanya inda a-kori-kura ke tsayawa, kina rungume a ƙirjinta cikin zane. Hantsi ya ɗaga sosai. Na hau na zauna, ta miƙo ki, na karɓa. Direba ya ta da mota. Sai ta matso ta sunkuyo daidai kunnenki, ta yi magana yadda zan ji.

"Asma'u, hwaɗa ma uwarki ta ruhe huska. Rana ta yi zahi."

Na ja mayafi na rufe. Haka na zauna ina kuka a cikinsa har Argungu, matar da ke kusa da ni tana tambaya ko jaririyar ce ba lafiya.